Kimiyya ce Alƙalin Tsohon Kuɗi

Akwai gidaje da dama a ƙasar Hausa waɗanda har yanzu suke ajiye da anini ko kwabo mai huji ko kuwa liyari na gado. Abin takaici shi ne, da zarar mai shi ya ji an ce tsohon kuɗi yana da daraja, sai ya ɗauko toka da lemun tsami ya dirje shi. Wannan ɓarna ce. Duhun da ke bisa azurfa yana samuwa ne sa'ad da ta haɗu da sinadarin farar wuta da ke cikin iska, kuma masu tara kuɗaɗen tarihi suna ɗaukarsa shaidar tsufa. Dirza tana cire shi tare da ƙananan zane-zanen kuɗin, farashi ya faɗi.

Ya kamata kuma a bambance kuskuren maƙera da lahani. A ilmin halittu akwai abin da aka haifi dabba da shi, akwai kuma tabon da ta samu daga baya. Haka kuɗi yake. Idan hatimin bugawa ya tsage, duk kuɗin da aka buga da shi zai fito da siririn layi mai tudu a wuri guda. Amma ƙarzar wuƙa rami take bari, ta ture ƙarfe gefe. Na farko yakan ƙara daraja, na biyu rage ta yake yi.

Game da jabu, liyari ya isa misali. Shekarar 1780 da ke jikinsa ita ce shekarar rasuwar Sarauniya Mariya Taresa ta Ostiriya, kuma an ci gaba da buga shi da wannan shekara har bayan ƙarni biyu, saboda haka ba ta nuna tsufansa. Ma'auni ne abin dogaro. Liyari na gaskiya yana da nauyin kusan giram 28, kuma kashi 83 cikin ɗari na ƙarfensa azurfa ce, wadda maganaɗisu ba ya jan ta. Wanda aka zuba a narke kuwa yakan nuna ƙananan ramuka na kumfar iska idan an duba da madubin ƙara girma.

Don haka, kafin a saya ko a sayar, a auna, a gwada, a duba. Waɗannan kayan aiki suna nan a ɗakin gwaje-gwaje na makarantun sakandare da yawa, kuma zai kyautu malamai su koya wa ɗalibai kimiyya da kuɗin kakanninsu.