Kayan Saƙar Leshi Da Hannu: Ban Da Maganin Kashe Zafi A Lissafin

A wannan makon za mu leƙa kwandon saƙa ne, domin mata da yawa sun koma wannan sana'a ta cikin gida, suna saƙa bakin gyale, wuyan riga, hular jarirai da murfin tebur. Masu son farawa kan tambayi abin da za su saya. Waɗanda suka daɗe a cikinta kuwa a kantin magani nake haɗuwa da su, suna neman maganin ciwon wuya da na ido. A ganina tambayoyin biyu a haɗe suke.

Mu fara raba leshi da leshi. Wanda muke saya a kasuwar Balogun ta Legas ko ta Wuse a Abuja don anko aikin inji ne, ado ne da aka yi a kan yadi. An daɗe ana kawo mana shi daga garin Lustenau na Ostiriya da kuma Suwizalan, yanzu kuma na Sin ya cika kasuwa. Leshin hannu ba shi da yadi a ƙarƙashi, zare ne zalla ake sarƙawa har ya zama ado mai huji-huji. A garin Alençon na Faransa da allura ake yin sa, kuma santimita ɗaya tsawo da faɗi yakan ci kimanin awa bakwai. UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun da ake karewa a 2010. A Bruges ta Beljiyam kuma da ƙananan kwarkwaro ake yi a kan matashi. Mu nan wanda ya fi mana sauƙin samu shi ne na kwarashi.

Kayan na kwarashi ba su da yawa. Ki nemi kwarashin ƙarfe siriri, ba babba irin na saƙar ulu ba, da zaren auduga mai sheƙi, da ƙaramin almakashi mai tsini, da allura mai faɗin kafa don ɓoye bakin zare. Lambar da ke jikin zaren ita ce abin lura: gwargwadon girman lambar, gwargwadon sirantakar zaren. Lamba 10 ta fi 20 kauri, 20 ta fi 40. Mai koyo ta fara da lamba 10 da kwarashi mai milimita 1.5 zuwa 1.75, kuma ta zaɓi zare mai haske. Baƙi da shuɗi mai duhu suna ɓoye idon saƙar, sai kin yi ta ƙura ido kafin ki ga inda za ki soka.

Wadda ke son gwada na kwarkwaro tana buƙatar matashi mai tauri da zai riƙe fil, ba na kwanciya ba. A da da ciyawa ake cusa shi, yanzu farin soso mai tauri irin wanda ake samu a kwalin firji ko talabijin ya wadatar, a lulluɓe shi da yadi mai duhu don farin zare ya fito. Kwarkwaron bibbiyu suke aiki, kuma guda 24 sun isa koyon siririn baki. Kafinta zai iya fiƙe miki su. Sai fil masu yawa waɗanda ba sa tsatsa, da zanen adon a kan takarda mai kauri da aka huda wuraren da za a kafa fil ɗin.

Iyakar abin da za ki sayo daga shagon zare ke nan. Sauran kayan aikin, waɗanda na fi damuwa da su, su ne fitila, kujera da gilashi.

Masu saƙar Turai na da, kafin zuwan lantarki, sukan ajiye kwalba mai kumburin ciki cike da ruwa a gaban kyandir don ta tattara hasken a kan aikin. Mu kuwa da zarar an ɗauke wuta sai a danne tocilan waya da haɓa, a duƙa ana saƙa har tsakar dare saboda mai biki tana jira. Fitilar caji mai tsayawa da ƙafarta, wadda za ta haska aikin ta bayan kafaɗarki, ba ta kai kuɗin magungunan da za ki sha daga baya ba. Ki zauna a kujera mai jingina, ki ɗora filo a cinya don aikin ya taso zuwa gare ki maimakon ke ki duƙa masa. Duk bayan minti 20 ki ɗaga kai ki dubi abu mai nisan mita shida na daƙiƙa 20, ki ƙifta ido sosai, domin mai ƙura ido ba ta yawan ƙiftawa, shi ke sa idon ya bushe ya yi ta yaji.

Daga shekara 40 zuwa sama yawancin mutane kan fara kasa ganin abu na kusa. Wannan ba sammu ba ne, kuma ba saƙar ce ta jawo ba, ƙwayar idon ce ta rage laushi. Gilashin karatu ke gyara shi, amma a je a auna tukuna, don a wurin awon ne ake gano hawan jinin ido, wanda ke cinye gani ba tare da ciwo ba. Abin da ba na so shi ne ɗigon ido mai ɗauke da dexamethasone ko betamethasone, wanda wasu ke saya don ja ya baje. Jan zai baje kam, amma yawan ɗiga shi yana iya tayar da hawan jinin ido ya kuma kawo yana. Ba a amfani da shi sai likitan ido ya rubuta. Don bushewa da yaji, ɗigon da ke jiƙa ido kawai ya isa.

Sai hannu. Idan babban yatsa da manuni da na tsakiya suna miki dindiris ko kamar ana tsira allura, musamman cikin dare har ki tashi kina yarfe hannu, to alama ce jijiyar da ta ratsa wuyan hannu ta matsu. Masu juna biyu da masu ciwon suga sun fi saurin samun wannan. Abin yi shi ne a rage awannin aiki, a naɗa wa kwarashin roba ko tsumma don mariƙin ya yi kauri, a sa abin ɗaure wuyan hannu lokacin barci, idan bai lafa ba a ga likita kafin hannun ya fara sakin abubuwa.

A nan ne ake yin kuskuren da ya sa na ɗauko batun. Maimakon hutu sai a aika yaro kemis a ce a haɗo na ciwon jiki, a ƙullo ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda ba suna, a kora da shayi a koma saƙa. Sau tari a cikin ƙullin akwai ibuprofen da diclofenac tare, alhali 'yan gida ɗaya ne. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya ƙara haɗarin gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Mai olsa, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda da mai ciki su nisance su sai da izinin likita. Paracetamol ya fi sauƙi, amma shi ma babba kada ya wuce gram huɗu a yini, wato ƙwaya takwas ta miligiram 500. Ciwon da ke tashi kullum kin zauna saƙa yana nuna zaman ne ko hasken ke da gyara, kuma ƙwaya danne shi kawai za ta yi har lahanin ya yi nisa.

Fil kuma a yi hattara da shi. Kada ki riƙe shi a baki, ko wajen saƙa ko wajen ɗaura ɗankwali. Dariya ko tari ɗaya na iya tura shi cikin huhu, kuma likitoci sun san wannan matsala sosai a tsakanin mata masu maƙala mayafi da fil. A ajiye fil da duwatsun ado a gwangwani mai murfi, nesa da yara masu rarrafe, a kuma bi tabarma da mayen ƙarfe bayan an tashi. Idan yaro ya haɗiye fil, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko tuwo don ya tura shi ƙasa. A tafi asibiti nan take a ɗauki hoto.

Idan kwarashi ko allura ta soke ki, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, ki rufe da filasta. In sukar ta yi zurfi kuma kin haura shekara biyar rabonki da allurar tetanus, ki je a yi miki. Mai ciwon suga ta riƙa duba yatsan kullum, da ta ga kumburi, ja ko zogi irin na karkare ta nufi asibiti a ranar, kada ta tsaya gasa shi da ruwan zafi a gida.