Makarantun sakandare na mishan Katolika: ana yabon sakamako, wa yake horar da malamman?

Kowace shekara in an fidda sakamakon BEPC da na bakaloreya, magana guda ce ke yawo a majalisun shayi daga Yamai har Damagaram: makarantun mishan sun sake yin abin a zo a gani. Uban da ke da hali sai ya fara neman wanda zai sama ma ɗansa gurbi a siziyem tun damina ba ta ƙare ba. A filin da nake gabatarwa a rediyo ma, duk lokacin da aka taɓo batun ilimi, masu bugo waya sai sun kawo misalin waɗannan makarantu, galibi don su zungure ma makarantun gwamnati ido. To amma abin da ban taɓa jin wani ya tambaya ba shi ne: mushen da ke tsaye gaban allo a can, ina ya koyi aikin, kuma wa ke sabunta mashi shi?

Tambayar ta ƙara nauyi tun da gwamnati ta yanke shawara a shekarar 2025 ta rage kuɗɗin karatu a makarantu masu zaman kansu da kashi 20 cikin ɗari. Iyaye sun ji daɗi, kuma suna da gaskiya, don rayuwa ta yi tsada. Sai dai duk wanda ya taɓa riƙe ko da kanti ya san cewa in kuɗɗin shiga suka ragu, akwai abin da ake fara yankewa. Ba a taɓa albashi da farko, ba a taɓa wuta da ruwa. Abin da ake dakatarwa shiru ba tare da kowa ya yi ƙorafi ba shi ne taron ƙara ma juna sani na lokacin hutu, da sayen sabbin littattafai, da kayan gwaje-gwajen kimiyya. Illar ba ta fitowa a shekarar. Sai bayan shekara huɗu ko biyar, ranar da aka karanto sakamako.

Bari mu koma baya kaɗan. Makarantu irin su kolejin Mariama ta Yamai, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1960 domin ƴan mata, sun tashi ne a kan kafaɗun sistoci da limaman da suka zo daga ƙasashen waje. Mutanen nan sun zo da horonsu tun daga gida, ba su da iyalin da za su ciyar, ba su jiran albashi irin na ma'aikaci, kuma ƙungiyoyinsu kan aiko masu da littattafai da kayan aiki. Koyar da malami yadda zai koyar kuwa tsohuwar al'ada ce gare su: Jean-Baptiste de La Salle, wanda ya kafa ƙungiyar ƴan uwa masu koyarwa a Faransa, ya buɗe makarantar horar da malammai a birnin Reims tun cikin shekarun 1680. Wannan gado ne sunan mishan ke ci har yau.

Amma zamanin ya wuce. Masu hidimar majami'a sun ragu a Turai da Kanada, sannan matsalar tsaro ta ƙara taƙaita zuwan baƙi, musamman bayan sace limamin nan ɗan Italiya Pier Luigi Maccalli a Bomoanga cikin jihar Tilaberi a watan Satumba na 2018, wanda sai a Oktoban 2020 aka sako shi. Yau mafi yawan masu riƙe da alli a makarantun Katolika ƴan ƙasa ne, magidanta, masu haya da cefane da kuɗɗin magani, kuma da damansu Musulmi ne. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A Amurka, inda a tsakiyar ƙarnin da ya gabata sistoci da limamai ne suka fi yawa a ajujuwa, yanzu fiye da tara cikin goma na malamman makarantun Katolika ba masu hidimar majami'a ba ne. Bambancin shi ne su can suna da ƙungiyar ilimin Katolika ta ƙasa tun 1904, mai shirya babban taro kowace shekara, ga jami'o'in Katolika birjik da ke ba da horo. Mu nan malamin mishan daga rijiya ɗaya yake sha da malamin gwamnati.

Rijiyar kuwa kowa ya san halinta. Babbar makarantar horon malammai ta jami'ar Abdu Mumuni ita ce ta daɗe tana fidda malamman kolaji da lise, kuma ba ta taɓa wadatar da ƙasa ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 da aka fara ɗaukar ƴan sa kai, daga baya ƴan kwantaragi, aka riƙa tura matasa aji da takardar jami'a kawai, wasu ma ba su kai nan ba. Gwajin da aka yi ma ƴan kwantaragin firamare a 2017 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu matsakaicin maki. Kafin nan binciken PASEC na 2014 ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na ɗaliban da ke ƙare firamare a Nijar ba su kai matakin da ake so ba a karatu. Yaran nan da ƙannensu su ne ke shiga siziyem. Malamin lissafi da aka koya ma lissafi kawai, ba a koya mashi yadda zai yi da yaron da bai gane tambayar da ke rubuce ba, to ko a mishan yake ko a CEG na unguwa, wahalarsa ɗaya.

Wani zai ce ai makarantun mishan suna tace ɗalibai kafin su ɗauka, kuma ajinsu bai cika maƙil ba. Haka ne, kuma wannan ma wani ɓangare ne na sirrin sakamakon da ba a cika son faɗi ba. Ga kuma rashin yajin aiki, ga direkta mai duba littafin darasi. Amma tsari ba ya maye gurbin sani. Akwai kuma wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a makarantu masu zaman kansu: ɗaukar malamin gwamnati a biya shi da awa, musamman a fannin lissafi, kimiyya da falsafa na ajin tarminal. Mutum ya yi awa biyu nan, ya hau babur ya yi awa biyu can. Irin wannan malami, komai ƙwarewarsa, ba ya zama taron malammai, bai san iyayen yara ba, ba a kuma iya gina wani shirin horo a kansa.

Ita majami'ar Katolika a takarda ba ta yi sake ba. Sanarwar babban taron Batikan na biyu kan ilimi, ta watan Oktoban 1965, ta ɗora nasarar makaranta a wuyan malammai, ta kuma nemi a shirya su da kyau a ilimin zamani da na addini da dabarun koyarwa. A 2013 fadar Batikan ta fidda wata takarda kan tarbiyyar zama da masu wata al'ada da wani addini, a 2022 kuma wata kan abin da ya sa makaranta ta zama ta Katolika. Takardun nan sun fi shafar mu fiye da ƙasashe da yawa, don a nan Kirista ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma akasarin ɗaliban makarantun mishan ƴaƴan Musulmi ne. Malami yana buƙatar a zauna da shi a nuna mashi inda iyaka take: yadda zai yi da azumi da lokacin salla, yadda zai amsa tambayar yaro kan addini ba tare da ya taka kowa ba. Waɗanda suka ga abin da ya faru a Damagaram da Yamai ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u har wutar ta taɓa makarantu, sun san wannan horo ba ado ba ne. Abin da ya ba ni mamaki a lokacin shi ne yadda iyaye Musulmi da yawa suka fi kowa damuwa da yaushe za a koma aji.

Sai batun harshe, wanda shi ne sabo. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Makarantun mishan da Faransanci mai kyau suka yi suna. Duk inda manhaja ta karkata nan gaba, malamin sakandare ne zai ɗauki kayan, kuma mafi yawansu ba su taɓa rubuta darasin kimiyya ko shafi guda da Hausa ba, ko da kuwa da ita suke bayani in yara sun kasa ganewa. Wanda ya fara shirya malammansa tun yanzu shi zai sha sauƙi.

Kayan aiki ma haka. Ana yawan cewa intanet ta kawo komai kyauta, amma wanda ya zauna Yamai ko Doso bayan Najeriya ta yanke wuta a watan Agustan 2023 ya san darajar littafin da ke kan kanta. Ni a ganina ɗakin karatu mai littattafan jagora na malammai, da ɗan faifan hasken rana, sun fi ɗakin kwamfuta ashirin da ke rufe da kwaɗo.

Me za a iya yi da ɗan abin da ke akwai? Yankin bishop na Maraɗi, da aka kafa a 2001, ya haɗa Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa. Tara malamman wannan faɗi a wuri guda kuɗɗin mota kawai ya isa ya karya shirin. Abin da ya fi sauƙi shi ne horo gari gari, inda ƙwararren malami zai shiga ajin ƙaramin malami ya zauna baya, bayan an tashi su tattauna. An taɓa gwada irin wannan a ƙasar nan: shirin ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya da ƙasar Japan ta tallafa ma tun daga 2006 ya nuna ma malammai yadda za su haɗa kayan gwaji da abin da ke kasuwa. Mutanen da aka horar a lokacin wasu suna nan, wasu sun yi ritaya suna zaune gida. Ɗaukarsu aikin sati biyu a hutu bai kai kuɗɗin fentin katanga ba.

Gwamnati ita ma tana da nata. Tunda ta sa hannu a farashi, ya kamata ta buɗe ma malamman makarantu masu zaman kansu ƙofar duk wani horo da take shiryawa, sufetocinta su riƙa shiga ajinsu don gyara, ba sai ranar neman takardu ba. In mishan ta shirya nata taron kuma, babu abin da zai hana ta gayyato malamman lise na gwamnati da na makarantun Faransanci da Larabci na garin, tunda jarrabawa ɗaya yaransu ke zaunawa.

Su kuma iyaye, ranar taron ƙungiyarsu, bayan an gama gardamar kuɗɗin riga da na fati, wani ya ɗaga hannu ya tambayi direkta: malammai nawa ne na dindindin, nawa ne na awa, kuma kwana nawa aka ware masu na horo a wannan shekara.