Ƙungiyar Oakland Athletics a Kakar Wasa ta 2002: Ƙaramin Kasafi, Nasara 103

A ƙarshen shekarar 2001, masu sharhi kan wasan ƙwallon besbol a ƙasar Amurka da dama sun ɗauka cewa ƙungiyar Oakland Athletics ta jihar Kalifoniya ta gama yayinta. Dalilinsu kuwa a fili yake, domin manyan 'yan wasanta uku sun tafi a lokaci guda bayan ƙarewar kwantiraginsu. Jason Giambi ya koma New York Yankees a kan dala miliyan 120 na tsawon shekara bakwai, Johnny Damon ya nufi Boston Red Sox, shi kuma Jason Isringhausen ya tafi St. Louis Cardinals. Ƙungiyar ba ta da ƙarfin riƙe ko ɗaya daga cikinsu, saboda albashin dukkan 'yan wasanta a 2002 bai wuce kimanin dala miliyan 40 ba, alhali Yankees na biyan kimanin miliyan 125. Duk da haka, da aka kammala wasanni 162 na kakar, Oakland ta yi nasara a 103, daidai da adadin nasarorin Yankees. Yadda aka yi hakan ta faru shi ne abin da har yau ake muhawara a kai.

Kafin a shiga bayani, ya kamata a ɗan fayyace wasan ga wanda bai saba da shi ba. Ƙungiya biyu ne ke karawa, kowace da 'yan wasa tara a fili, kuma ana yin zagaye tara. Mai jifa daga wannan ɓangare zai wurgo ƙwallo, mai bugu daga wancan ɓangare ya yi ƙoƙarin dukanta da kulki, sannan ya ruga ya bi ta tasha uku ya dawo inda ya tashi, wanda hakan shi ne maki ɗaya. Idan aka fitar da mutum uku, sai a yi musanya. Ke nan kowace ƙungiya tana da damar fitarwa 27 kacal a wasa, kuma da zarar sun ƙare, wasa ya ƙare mata.

A kan wannan adadi na 27 babban manajan ƙungiyar, Billy Beane, da mataimakinsa Paul DePodesta suka gina lissafinsu. Sun lura cewa kasuwar 'yan wasa tana tsawwala farashin mai gudu da mai ƙirar ƙarfi da wanda ke yawan dukan ƙwallo, amma ba ta damu da mai haƙurin da zai ƙi taɓa ƙwallon da aka jefo a karkace ba. A ƙa'idar wasan, idan mai jifa ya kauce wa gurbi sau huɗu, mai bugu zai wuce tashar farko kyauta. Ga Beane, wanda ya isa tasha ta wannan hanya da wanda ya isa da bugu duk ɗaya ne, tunda babu wanda ya ɓarnatar da dama a cikinsu, amma na farkon ya fi araha nesa ba kusa ba. Da wannan ma'auni aka ɗauko Scott Hatteberg, tsohon mai cafe ƙwallo na Boston wanda ciwon jijiya a gwiwar hannu ya hana shi jifa yadda ya kamata. An ba shi dala 950,000, aka koya masa tsaron tashar farko, wato gurbin da Giambi ya bari. Haka nan aka ɗauko David Justice, wanda shekaru suka fara cim masa har wasu ke ganin ya zama tsohon zuma.

Farkon kakar bai yi daɗi ba ko kaɗan. A cikin watan Mayu akwai lokacin da ƙungiyar ta ci wasa 20 kacal, an cinye ta a 26. Beane bai tsaya jiran tsammani ba: ya tura Jeremy Giambi, ƙanen Jason, zuwa Philadelphia, ya mayar da matashi Carlos Peña ƙaramar ƙungiya kafin daga baya ya miƙa shi ga Detroit, sannan a watan Yuli ya kawo Ray Durham daga Chicago White Sox da Ricardo Rincón daga Cleveland. Daga watan Yuni al'amura suka juya.

Abin da ya sa duniya ta waiwayi Oakland shi ne abin da ya faru tsakanin 13 ga Agusta da 4 ga Satumba, lokacin da ƙungiyar ta ci wasa 20 a jere, abin da wata ƙungiya ba ta taɓa yi ba a rukunin American League kafin wannan lokaci. Wasa na 18 da na 19 duk a zagayen ƙarshe aka ci su, kuma Miguel Tejada ne ya yi bugun da ya raba gardama a kowanne. Wasa na 20 kuwa ya fi kowanne tayar da hankali. A gaban 'yan kallo fiye da 55,000, Oakland ta shiga gaban Kansas City Royals da maki 11 da babu, sai ga shi baƙin sun rama ɗaya bayan ɗaya har aka yi kunnen doki 11 da 11. A zagaye na tara mai horarwa Art Howe ya sako Hatteberg daga benci, shi kuwa ya doki ƙwallon ta tsallake katanga, aka tashi 12 da 11. Kwana biyu bayan haka Minnesota Twins ta katse jerin da ci 6 da babu. Wannan bajinta ta tsaya har 2017, lokacin da Cleveland ta ci wasa 22 a jere.

Littafin Moneyball na Michael Lewis, wanda ya fito a 2003, da fim ɗin da aka yi a kansa a 2011, sun sa jama'a da yawa sun ɗauka cewa lissafin kwamfuta da 'yan wasa masu araha irin su Hatteberg ne kaɗai suka kawo wannan nasara. Alƙaluman kakar ba su goyi bayan wannan fahimta gaba ɗaya ba. A 2001, lokacin da Giambi da Damon ke nan, ƙungiyar ta ci maki 884. A 2002 ta ci 800. Wato sababbin 'yan wasan sun rage asarar ne, ba su cike giɓin duka ba. Inda ƙarfin yake shi ne wajen hana abokan karawa cin maki, domin maki 654 kawai aka ci ta, kusan daidai da 645 na shekarar da ta gabata. Masu jifa uku ne ƙashin bayan wannan aiki: Barry Zito ya yi nasara 23 da rashin nasara 5, har aka ba shi lambar Cy Young ta gwarzon mai jifa, Mark Mulder ya yi nasara 19, Tim Hudson kuma 15. A ɓangaren bugu, Tejada ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 34, ya shigo da maki 131, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan rukunin, sannan Eric Chavez shi ma ya tsallakar sau 34.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan biyar da aka saya a kasuwa. Dukkansu rainon gida ne. Tejada an ɗauko shi daga Jamhuriyar Dominika a 1993 yana matashi, Chavez a 1996, Hudson a 1997, Mulder a 1998, Zito a 1999, kuma masu yawon neman matasa na ƙungiyar ne suka gano su, wato mutanen da littafin ya nuna tamkar sun tsufa da tunani. A nan dokar wasan ta taimaka ƙwarai, domin ɗan wasa ba ya samun 'yancin zaɓar ƙungiyar da yake so sai ya cika shekara shida a babban rukuni, kuma a shekarunsa uku na farko ƙungiya ce ke yanka masa albashi, wanda mafi ƙanƙantarsa a 2002 dala 200,000 ne. Saboda haka Oakland tana riƙe da taurari a farashin da ke ƙasa da darajarsu ta haƙiƙa. A ganinmu, hikimar Beane ta tsaya ne a kan cewa bai zubar da ɗan abin da ke hannunsa wajen neman wani Giambi ba. Ya yi amfani da shi ya toshe ɓaraka a kewayen matasan da aka shafe kusan shekara goma ana raino. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, amma da babu matasan, da ba a sami abin da za a toshe wa ɓaraka ba.

A wasannin kifa ɗaya ƙwala na watan Oktoba, inda ake neman wanda zai fara cin uku cikin biyar, Oakland ta haɗu da Minnesota, wadda ita ma ƙaramin kasafi gare ta, kuma shekara guda kafin nan har an yi yunƙurin rushe ta baki ɗaya. Minnesota ta yi galaba da ci uku da biyu, wasan ƙarshe kuwa a gidan Oakland aka yi shi ranar 6 ga Oktoba, aka tashi 5 da 4. Anaheim Angels, wadda ta ƙare a bayan Oakland da nasara 99, ita ce ta ɗauki kofin shekarar. Sau huɗu a jere, daga 2000 zuwa 2003, ana fitar da Oakland a wannan mataki a wasa na biyar. Tsarin da ke aiki a kan wasanni 162 ba ya ba da tabbaci a wasa biyar, inda kuskure ɗaya ke iya rusa komai.

Rinjayen ma bai daɗe ba. Bayan kakar, Boston ta yi wa Beane tayin dala miliyan 12.5, ya ƙi, sai ta naɗa Theo Epstein, ta kuma ɗauki masanin alƙaluma Bill James, ta haɗa irin wannan lissafi da aljihu mai nauyi, ta ɗauki kofi a 2004 bayan shekara 86 ba ta gan shi ba. Da masu kuɗi suka gane darajar mai haƙurin bugu, farashinsa ya tashi. Su kuma matasan Oakland, wa'adinsu na araha ya cika: Tejada ya tafi Baltimore bayan kakar 2003, aka yi musanyar Hudson da Mulder a Disambar 2004, Zito ya koma San Francisco Giants bayan kakar 2006 a kan dala miliyan 126. Matsalar kuɗin shiga da ta tsohon filin wasa ba ta warware ba, har ƙungiyar ta buga wasanta na ƙarshe a Oakland a Satumbar 2024, bayan zaman da ta fara tun 1968. Ta koma yankin Sacramento na wucin gadi a 2025, da shirin tarewa a Las Vegas a 2028.