Masara Mai Fumfuna Ba Ta Mai Ciki Ba Ce

Uwargida, a ganina arhar masara mai fumfuna tsada ce. A Unguwar Shanu na sha ganin mata sun wanke ta sun kai inji, wai wuta za ta kashe komai. Ba haka ba ne. Fumfuna na fitar da gubar afalatoksin, wadda dafuwa ba ta kashewa. Tana lalata hanta, tana isa ga jaririn da ke ciki, tana shiga ruwan nono. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya.

Ban ce ki bar tuwo da koko ba. Ki tsince ƙwayar da ta sauya launi ko ta ruɓe, ki zubar. Maigida, sayi busasshiyar masara, a ɗora buhun kan katako, nesa da danshi.