Kafin Mu Miƙa wa Marar Lafiya Parasitamol, Mu Tambayi Abin da Ya Riga Ya Sha

'Yan'uwa, babu maganin da ya shiga gidajenmu kamar parasitamol. Yana cikin jakar uwa, yana aljihun manomi, yana kuma cikin akwatin magani na majami'a. Ga araha, ga aiki: yakan sauke zazzaɓi, ya kwantar da ciwon kai da ciwon jiki. Ba mu zo ɓata masa suna ba. Abin da ke damunmu shi ne, sabo ya sa mun daina ƙirga shi.

Ma'auninsa ga babban mutum shi ne ƙwaya ɗaya ko biyu masu miligiram 500, a bar aƙalla awa 4 kafin a sake sha, kada kuma a wuce ƙwaya 8 cikin awa 24. Wanda jikinsa ba nauyi, ko mai ciwon hanta, ko wanda ya saba da burukutu da sauran barasa, nasa ma'aunin bai kai haka ba, sai ya nemi shawarar likita.

To, ta yaya mai hankali zai wuce ƙwaya 8? Sau da yawa ta hannunmu ne, mu masu zuwa gaisuwa. Dattijo ya zo da Panadol a aljihu. Zumuntar mata ta kawo Procold saboda an ce akwai mura. Ɗan marar lafiya ya sayo haɗi a kemis, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle cikin leda, ba suna ba takarda. Maƙwabci kuma ya ce a gwada Boska. Kowa da ƙauna ya zo, amma Panadol da Procold da Boska duk akwai parasitamol a cikinsu, haɗin nan ma da wuya a rasa shi. Marar lafiya yana jin nauyin ƙin karɓar abin da babba ya miƙa masa, sai ya shanye duka. Suna huɗu, magani ɗaya.

Hanta ce take sarrafa wannan magani. Tana cikin aikin, wani ɗan kaso nasa yakan juya ya zama guba, hantar kuma tana da abin kashe gubar, amma ajiyarta tana da iyaka. In maganin ya yi yawa, ajiyar ta ƙare, sai gubar ta fara cin hantar kanta. Abin tsoro a nan shi ne ranar farko mutum yana iya zama garau, ko ya ɗan yi amai kawai. Sai bayan kwana biyu ko uku ciwon ciki ta gefen dama ya taso, idanu su yi rawaya, hankali ya fara gushewa. A lokacin sai mu ce shawara ce, mu shiga neman saiwa. Akwai maganin da ake bayarwa a asibiti don kare hantar, amma ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Saboda haka duk wanda ya sha fiye da ƙima, ko yaron da ya samu kwalba ya kwankwaɗa, a kai shi asibiti nan take tare da kwalin, ko da yana dariya.

Yara kuwa da nauyin jiki ake auna musu, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, kada ya wuce sau 4 a kwana ɗaya. A yi amfani da ɗan kofin awo da ke zuwa da kwalbar. Cokalin cin abinci ba ma'auni ba ne, na gidan wani ya ninka na gidan wani.

Inda aka sayo shi ma abin dubawa ne. A 1990 yara 47 suka mutu a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos bayan sun sha ruwan parasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai lalata ƙoda. A 2008 irin wannan sinadari ya sake kashe yara fiye da 80 ta maganin haƙori mai suna My Pikin. Laifin gurɓataccen haɗi ne, shi ya sa muke cewa a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a kuma rabu da mai talla da ke yawo da magani a tire cikin rana.

Kada mu manta parasitamol yana sauke zafin jiki ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ko ta taifot. Jiki ya yi sanyi, mu ce an samu sauƙi, cutar kuwa tana ci a ɓoye. Zazzaɓi yana buƙatar gwajin jini tun ranar farko, musamman ga yara da masu juna biyu. Jaririn da bai kai wata 3 ba, in jikinsa ya yi zafi, asibiti za a nufa kai tsaye.

Roƙonmu ga dattawa da shugabannin zumunta shi ne a sa wannan cikin tsarin ziyarar marasa lafiya. Kowane gida a zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa ba da magani, a ajiye takarda kusa da gado, a rubuta sunan abin da aka sha da ƙarfe nawa. Mai zuwa gaisuwa da magani a hannu ya damƙa wa wannan mutumin, shi kuma ya karanta bayan kwalin kafin ya ɓare.