Bakin Rijiya Ba Wurin Wasan Yaro Ba Ne

'Yan'uwa, a Malali da Unguwar Rimi akwai gidaje masu tafkin ninƙaya. Mu na Kawo muna da rijiya da durom. Haɗarin ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 ruwa ya ci mutum wajen 300,000, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa, ruwan bokiti ma ya isa ya kashe shi. Saboda haka mu kewaye tafki da shinge mai ƙofa, mu sa wa rijiya murfi da kwaɗo, mu kife bokiti. Kada kuma mu bar wa yaro tsaron ƙaninsa. Wannan aikin babba ne.