Turancin hira: ɗan Haɗejiya na da jarinsa tun daga gida

Duk shekara sai matasan masarautar Haɗejiya da suka gama jami'a sun tafi bautar ƙasa a wasu jihohi, duk shekara kuma sai an turo 'ya'yan wasu su koyar a makarantun Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma. Tun 1973 da aka kafa hukumar NYSC ake wannan musaya. A irin wannan cuɗanya ne ake gane Turancin da mutum ya tashi da shi. Saurayin da ya ci Turanci a WAEC, ya rubuta kundin digirinsa da Turanci, yana iya tsayawa gaban jama'a ya yi bayanin noman rani na minti goma ba gargada. Amma abokin ɗakinsa a sansani ya ce masa "drop by later" ko "let's catch up", sai ya yi murmushi ya gyaɗa kai, ya tafi yana juya maganar a zuci: me za a yar, wa kuma za a kama? Alhali ce masa aka yi ya leƙo anjima, a zauna a taɓa hirar yaushe gamo.

Ba rashin ƙoƙari ba ne. Ya san "drop", ya san "catch", ya san "by" da "up" tun yana firamare. Haɗuwarsu ce ta haifi wata ma'ana da ba a taɓa nuna masa ba. Turawa na kiran wannan gini "phrasal verb", wato aikatau mai ɗan rakiya: kalmar aiki da wata 'yar kalma ke bin bayanta ta karkatar da ma'anarta. "Give" bayarwa ne, amma "give up" saduda ne, "give in" miƙa wuya, "give away" kuwa ko kyautarwa ko tona asiri. "Look" dubawa ne, amma "look after" kulawa ce, "look for" nema, "look down on" raini. Da waɗannan ake hira da Turanci, da su ake gayyata da ban haƙuri da zolaya da sallama.

Tsohuwar matsala ce. Samuel Johnson, wanda ya wallafa shahararren ƙamusun Turanci a 1755, ya ambata a gabatarwarsa cewa wannan haɗi na daga cikin abin da ya fi wahalar da baƙon harshen. A 1985 wasu masana biyu, Dagut da Laufer, sun nuna cewa ɗalibai masu magana da Ibrananci kan kauce wa irin waɗannan kalmomi su rungumi doguwar kalma guda, saboda harshensu ba shi da irin ginin. A 2007 kuma Dee Gardner da Mark Davies suka tace wani rumbun rubutu da maganganun Birtaniya mai kalma miliyan 100, suka gano cewa mai karatu kan ci karo da aikatau mai ɗan rakiya kusan sau ɗaya a kowace kalma 150. Wani abin da suka gano ya fi wannan daɗin ji: guda 100 kacal ne suka ɗauke fiye da rabin duk wuraren da aka yi amfani da su. Ashe dawar ba ta kai faɗin da ake tsoro ba.

Me ya sa makaranta ke barin wannan giɓi? Saboda Turancinta na takarda ne. Ko takardar da WAEC ke kira "Test of Orals", wadda ya kamata ta auna bakin ɗalibi da kunnensa, da fensir ake amsa ta a Nijeriya, ana zaɓen A ko B ko C ko D, ba tare da an furta ko harafi ɗaya ba. Malami kuwa abin da za a tambaya yake koyarwa. Sai yaro ya tashi yana ganin doguwar kalma ita ce ilimi: ya san "postpone" bai san "put off" ba, ya san "tolerate" bai san "put up with" ba, ya san "extinguish" amma "put out" baƙo ne a wurinsa. Kuma a Haɗejiya babu titin da zai cike masa gurbin. Yaron Sabon Garin Kano ko na Kaduna yana tsintar Turanci da Burokin a bakin shago. A nan kuwa Hausa ce ke ciniki a kasuwar kifi, ita ce a tasha, ita ce a asibiti, har baƙin 'yan kasuwa da suka daɗe a gari da ita suke saye da sayarwa. Wannan abin alfahari ne ga Hausa. Sai dai yana nufin cewa abin da aji bai ba yaro ba, da wuya wani wuri ya ba shi.

Ra'ayin mai wannan rubutu shi ne, malamin Turanci a ƙasar Hausa yana zaune a kan jari yana kukan babu. Ɗaliban da Dagut da Laufer suka bincika sun guje wa abin ne don ba su da makamancinsa a gida. Ɗan Haɗejiya yana da shi, har kashi biyu.

Kashi na farko yana cikin jikin aikatau ɗin Hausa. A 1960 F. W. Parsons na makarantar SOAS da ke Landan ya tsara aikatau na Hausa zuwa giredi bakwai, tsarin da har yau ake koyarwa a jami'o'inmu. A taƙaice, aikin da Bature ke sa 'yar kalma ta yi daga baya, Bahaushe ƙarshen kalmar yake sauyawa ya yi shi. A ɗauki "zuba". Mai ban ruwa ya zuba ruwa a fangali. Wanda ke sama ya zubo wa na ƙasa. Uwar gida ta zubar da ruwan wanki. Katanga ta zube. Saiwa ɗaya, ma'ana huɗu, kuma yaro ɗan shekara biyar ba ya rikita su. Bambancin "ci" da "cinye" shi ne bambancin "eat" da "eat up". Bambancin "sha" da "shanye" shi ne na "drink" da "drink up". Wannan "up" ɗin da ke sa ɗalibi ɗaga kai yana neman abin da ya hau sama, sau da yawa ba hawa yake nufi ba, ƙarewa kakaf yake nufi: tafki ya ƙafe, "dried up", man injin ban ruwa ya ƙare, "used up". "Fita" da "fito" su ne "go out" da "come out". "Shiga" da "shigo" su ne "go in" da "come in". "Jefa" da "jefar" su ne "throw" da "throw away". Malamin da ya rubuta waɗannan a allo, Hausa a dama Turanci a hagu, ya rage wa kansa aikin wata guda cikin darasi ɗaya.

Har ƙa'idar da ke kayar da ɗalibai da yawa tana da 'yar'uwa a Hausa. Ana cewa "pick up the phone", amma in wakilin suna ya shigo dole ya ratsa tsakiya, a ce "pick it up". Yaron da ke cewa "ya ɗauki waya", sannan "ya ɗauke ta", sannan "ita ya ɗauka", ya daɗe da sanin cewa abin da ke bin aikatau na iya sauya masa fasali. Tuna masa kawai za a yi.

Kashi na biyu shi ne haɗin da ba ya bin lissafi. A nan ma Hausa ba ta da na biyu. Wane abinci ne a cikin cin amana, ko cin mutunci, ko cin bashi, ko cin zaɓe, ko cin kasuwa, ko ci gaba? Wane ruwa ne a shan wahala, ko shan iska, ko shan alwashi, ko shan jinin jiki? Baƙon da ya zo koyon Hausa ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ya ga yawan ma'anonin "ci", irin ciwon kan da ɗalibinmu ke ji gaban "get" da "take" da "put" shi zai ji. Ba wanda ya koyi "ja kunne" ta hanyar fassara "ja" daban da "kunne" daban. A dunƙule ya ji ta, ranar da aka ja masa kunnen. Haka "turn up" da "fall out" da "get over" suke: a dunƙule ake haɗiye su, cikin jimla, cikin wani hali da mutum zai tuna.

Dole a faɗi gaskiya, kwatancen yana da iyaka. Ba kowane "up" ne ke nufin ƙarewa ba, kuma babu giredin Hausa da zai bayyana dalilin da ya sa "make up" ke nufin shiryawa bayan faɗa, ya kuma nufi ƙirƙirar labari. Malamin da ya matsa sai kowace kalma ta sami tagwaiyarta a Hausa zai ɓatar da yara. Amfanin Hausa a nan shi ne ta buɗe ƙofa ta cire tsoro. Sauran aikin na kunne ne da baki da maimaici.

Abin takaicin shi ne wannan ƙofa ce ake rufewa da gangan. Makarantu da yawa a Arewa, musamman masu zaman kansu, suna alfahari da dokar hana yin Hausa a harabarsu, wasu har da tara ko bulala. Niyyar mai kyau ce: iyaye na son 'ya'yansu su ji Turanci, kuma ba mai shiga jami'a sai da kiredit a cikinsa. Amma sakamakon da aka fi gani shi ne aji ya yi tsit. Yaron da aka hana harshen da yake tunani da shi, ba a kuma ba shi na hira a ɗaya harshen ba, shiru kawai zai yi. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince a fara koyar da yaro da harshen gida ko na yankinsa. Ba ma wannan ake roƙo a nan ba. Minti biyar na Hausa ake roƙo a cikin darasin Turanci, a daidai inda za su yi amfani.

Akwai kuma tambayar wane Turanci za a koyar, domin na Nijeriya ya yi nasa 'ya'yan. A nan ƙasar in an ce mace ta "take in", ciki ta ɗauka. A Ingila ba wanda zai fahimci haka, a can baƙo ake "take in", a ba shi masauki. Ɗan bautar ƙasa na murnar ranar da zai "pass out", amma a yawancin hirar duniya wanda ya yi haka suma ya yi. Ba laifi ba ne a yi magana irin ta gida. Ƙamusun Oxford da kansa a watan Janairun 2020 ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, ciki har da "put to bed" da ma'anar haihuwa, da "Kannywood". Haƙƙin ɗalibi ne dai a gaya masa wanne ne na Legas da Dutse, wanne ne zai yi masa aiki in ya sami gurbin karatu a waje ko ya zauna gaban masu ɗaukar aiki.

Kayan darasi kuwa suna bakin kogi. Yaron Auyo ko Guri da ya ga ambaliyar 2022 da idonsa ba ya buƙatar labarin dusar ƙanƙara da jirgin ƙarƙashin ƙasa. A ce ya ba da labarin daminar da Turanci: ruwa ya datse hanya, "cut off", ya tafi da shinkafa, "washed away", mutane suka tashi daga gidajensu, "moved out", 'yan'uwa suka sauke su, "took them in", matasa suka taru suka yi jinga don tare ruwa, "hold back", aka yi gayyar cire ciyawar kacala daga magudanai, "clear out", da ruwa ya janye aka koma gida aka sake lale, "start over". Bakwai ke nan cikin labari ɗaya da ya riga ya zauna masa a rai. Gobe a yi na kasuwa: ragi da ƙin sallamawa da ƙarewar kaya, "bring down" da "turn down" da "sell out". Jibi a yi na waya, wadda ke hannun kusan kowane saurayi: "call back", "hang up", "run out of". Mutum biyu-biyu, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa, malami na zagayawa yana saurare. Wannan ba ya buƙatar lantarki ko kwamfuta. Jerin kalmomi hamsin da aka kwafe daga allo aka haddace don gwajin Juma'a kuwa, kafin Litinin sun bi ruwa.

Ba sai an fara daga tushe ba wajen zaɓen abin da za a koyar. A 2015 Mélodie Garnier da Norbert Schmitt na Jami'ar Nottingham sun fitar da jerin guda 150 da aka fi amfani da su, tare da ma'anonin da suka fi yawan fitowa ga kowanne. Uku a mako, cikin shekara biyu na ƙaramar sakandare an gama su har da bita. Abin da babu a hannun malamin ƙauye shi ne wannan jeri da bayaninsa cikin Hausa, da misalai daga fadama da kasuwa da tasha.

Masu iya wannan aiki suna nan kusa. Jami'ar Sule Lamido tana Kafin Hausa, cikin masarautar Haɗejiya. Kwalejin Ilimi da ke horar da malaman jihar tana Gumel. Jami'ar Tarayya tana Dutse. Malaman Hausa da na Turanci na waɗannan makarantu su zauna tebur ɗaya su rubuta ɗan littafin da bai wuce shafi sittin ba, Ma'aikatar Ilimi ta Jigawa da hukumar SUBEB su buga shi su kai wa kowane malamin Turanci daga Malam Madori zuwa Birniwa. Kafin littafin ya iso, shugabannin makarantu su sassauta dokar hana Hausa, ko da a darasin Turanci kaɗai, su bar malami ya rubuta "cinye" kusa da "eat up" a allo.